Yadda Ake Kamun Ƙananan Kifayen Teku da Fatsa Cikin Dare

Duk wanda yake so ya kama ƙananan kifaye daga gaɓar teku cikin dare, aikinsa yana farawa ne tun rana tana sama. Ya kamata ya ziyarci wurin da ya zaɓa a lokacin da ruwa ya janye, ya ga inda duwatsu suka ƙare yashi ya fara, da inda gansakuka ta lulluɓe dutse har ya yi santsi, sannan ya tantance hanyar da zai bi ya fita idan ruwa ya dawo. Abin da ido ya gani da rana, da shi ƙafa za ta yi aiki a cikin duhu.

Sai kuma lissafin cikar teku da janyewarsa. A mafi yawan gaɓoɓi teku yana cika sau biyu a yini, tsakanin cika da cika akwai kusan awa 12 da minti 25, shi ya sa lokacin yake jinkirtawa da kimanin minti 50 kowace rana. Cikar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kwanakin da ya cika. Kifi ya fi cin ƙoto idan ruwa yana motsi, kuma ni na fi son awa biyun ƙarshe kafin ruwa ya gama cika, domin a lokacin ne yake turo abinci zuwa bakin gaɓa.

Amma babban sirrin wannan kamu yana wajen haske. Inda fitilar tashar jiragen ruwa ko ta gada take haska ruwa kowane dare, nan ƙananan halittun da ido ba ya iya rarrabewa suke taruwa, 'ya'yan kifi su biyo su, su ma masu cin 'ya'yan kifin su biyo baya. Idan mutum ya tsaya shiru ya dubi ƙarƙashin fitilar, zai ga ruwan yana ƙyalƙyali kamar an watsa allurai, jefi-jefi kuma ya ji ɗan ƙaran fantsama. Sabon shiga yakan jefa ƙugiyarsa a tsakiyar hasken, alhali kifayen da suka fi girma suna laɓe ne a iyakar haske da inuwa, inda suke ganin abincinsu shi kuwa ba ya ganinsu. Saboda haka a jefa can cikin duhu, a bayan hasken, sannan a janyo a hankali har ƙoton ya ratsa wannan iyaka. A daren farin wata haske yana bazuwa ko'ina, kifin ma ya warwatsu, don haka daren duhu ya fi tara su wuri guda. Masu fatsa a Japan sun ƙware a wannan salo har suna kiransa ajing, daga aji, sunan wani ƙaramin kifi da suke kamawa a ƙarƙashin fitilu.

Kayan aikin ba su da yawa, amma dole su kasance marasa nauyi: sanda mai tsawon mita 2 ko ɗan fiye, wadda kanta yake lanƙwasa da ɗan taɓi kaɗan, da siririn zare, da ƙaramar ƙugiya mai dalma gram 1 zuwa 3. Ƙoton yana iya zama guntun jatan lande, ko tsutsar yashi, ko na roba mai siffar tsutsa, muddin bai rufe tsinin ƙugiyar ba.

Neman zurfin da kifin yake shi ne abin da yake buƙatar haƙuri. Bayan an jefa, a ƙidaya zuwa biyar kafin a fara janyowa. Idan ba a ji komai ba, a jifa na gaba a ƙidaya zuwa goma, haka za a yi ta ƙarawa har a dace, sannan a riƙe wannan adadin. Cizon ƙaramin kifi ba ya fizgar sanda. Abin da ake ji kamar an ɗan ƙwanƙwasa ta da farce ne, wani lokaci kuma zaren ne kawai zai saki. A nan a ɗaga sandar da wuyan hannu cikin natsuwa, domin da yawa daga waɗannan kifaye bakinsu yana da laushi, fizga mai ƙarfi tana yaga shi.

Kada a haska tocila a kan ruwa, domin hasken da ya faɗo kwatsam yana korar kifi. Tocilar goshi mai jan haske ta fi dacewa wajen ɗaura ƙugiya, saboda ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske kuwa nan take yake ɓata wannan sabo. Sai dai idan kifi ya fito, wajibi ne a haska shi sosai kafin a kai hannu, tunda wasu ƙananan kifayen teku suna da ƙaya mai dafi a baya da gefen kai. Wanda ta soke shi ya tsoma wurin cikin ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure ba tare da ƙuna ba, na aƙalla minti 30, idan ciwon ya ƙi lafawa ko numfashi ya yi wuya ya nufi asibiti.

Ba na goyon bayan mutum ya hau duwatsu shi kaɗai da dare. Ya tafi da abokin tafiya, ya sa rigar hana nutsewa da takalmi mai riƙe ƙasa, ya sanar da mutanen gida lokacin dawowarsa, kuma kada ya juya wa teku baya.

Ƙasashe da yawa sun ƙayyade girman kifin da aka yarda a ɗauka, don haka a san dokar wurin tun kafin a fita. Wanda bai kai girman ba, sai a jiƙa hannu kafin a kama shi, a zare ƙugiyar, a mayar da shi nan da nan. Wanda za a ɗauka kuwa a kashe shi da wuri a sa shi cikin ƙanƙara. Kafin a bar wurin a tsince guntayen zaren da aka yanke, domin suna sarƙe ƙafafun tsuntsayen teku, idan an koma kuma a wanke sanda da ƙugiyoyi da ruwan daɗi, saboda gishiri yana sa su tsatsa cikin 'yan kwanaki.