Yadda Za Ka Ɗauko Tsohon Mai Bincike Ka Sa Shi a Talabijin na Yau

Karon farko da na gwada mayar da wani tsohon labarin bincike zuwa fim mai dogon zango, shafi tara na rubuta na yage. Na ba jarumin wayar salula, nan take labarin ya mutu. A asalinsa kwana biyu ake jiran wasiƙa kafin asiri ya tonu. Da waya a aljihu, kira ɗaya ya kashe magana. Shi ya sa na zauna na yi wa Sherlock Holmes, shahararren mai binciken nan na littattafan Turanci, karatun ta-natsu, na ga yadda Steven Moffat da Mark Gatiss suka ɗauko shi daga Landan ta 1887 suka dire shi a BBC a 2010 ba tare da ya fashe a hannunsu ba.

Abu na farko, samo takarda ka raba ta biyu. A gefe ɗaya rubuta duk kayan da mai binciken yake amfani da su, a ɗaya gefen rubuta aikin da kowanne yake yi a labarin. Aikin za ka ɗauka, ka bar kayan. Holmes na marubuci Arthur Conan Doyle mutum ne mai son aika tangaraho, gajeren saƙo ba gaisuwa ba ban-gajiya. To me ya fi kama da wannan yau? Saƙon tes. Keken doki ya zama tasi. Yaran titi da yake aikawa su jiyo masa labari suka zama marasa matsuguni na Landan.

Wanda ya fi burge ni shi ne na agogo. A littafin 1890, Holmes ya karɓi agogon aljihun abokin tafiyarsa Watson, ya ga ƙarce-ƙarce kewaye da ramin da ake zura ɗan makullin wana agogon, ya ce mai shi na asali, yayan Watson, mashayi ne, hannunsa na rawa da dare. A fim sai aka ba shi waya. Ƙarcen nan dai yana nan, amma a bakin ramin caji. Hankalin bai motsa ba, abin hannun ne kawai ya sauya. Har suka ƙara gishiri: ya zaci ɗan'uwan Watson ne mai wayar na asali, ashe 'yar'uwarsa ce. Bari jaruminka ya riƙa yin irin wannan ɗan tuntuɓe, masu kallo ba sa son wanda bai taɓa kuskure ba.

Wani abin kuma ba sai ka taɓa shi ba. Watson likitan soja ne da ya dawo da rauni daga yaƙin Afghanistan. A 2010 ma sojojin Birtaniya suna can. Tarihi ya yi musu rabin aiki.

Kada ka raina abokin tafiya. Shi ne idon mai kallo, shi yake tambayar da muke son yi. A Amurka, shirin da CBS ta fara a 2012 ya mayar da Watson mace, Lucy Liu ta fito a matsayin, aka kai labarin New York, kuma bai rushe ba, don aikin Watson na nan daram.

Sai babbar wahalar talabijin: tunani ba ya fitowa a kyamara. Idan ka bar jarumi ya tsaya yana zuba bayani na minti biyar, an canja tasha. BBC rubutu ta riƙa ɗorawa a kan allo daidai inda idonsa ya sauka: zobe, laima, jiƙaƙƙiyar riga. Mai kallo ya ga alamar, ya kasa haɗa ta, sannan a haɗa masa.

Kafin ka kashe ko sisi, duba haƙƙin mallaka. Doyle ya rasu a 1930, kuma a Amurka sai a 2023 labaransa na ƙarshe suka zama na kowa. Marubuciya Agatha Christie kuwa a 1976 ta rasu, yawancin labaran mai bincikenta Poirot har yanzu da masu su.

Shafukana tara fa? Da na dawo kansu ban kashe cajin wayar ba, ban ce babu sabis ba, wannan dabarar malalata ce. Na bar kiran ya shiga, aka ɗauka, aka shirga wa jarumin ƙarya. Sai kukan injin niƙa da ya jiyo a bayan muryar ya nuna masa unguwar da mutumin yake.