Yadda Ake Jinyar Mai Shanyewar Ɓarin Jiki, Tun Daga Sa'ar Farko Har Zaman Gida

Da asubahin wata ranar hunturu baffana ya tsuguna zai yi alwala a ƙofar ɗakinsa, a nan cikin garin Maraɗi, sai buta ta suɓuce masa har sau biyu. Inna ta leƙo ta ce, "Malam, lafiya dai?" Ya buɗe baki zai amsa, maganar ta fito a dagule kamar ta mai mayen barci, gefen bakinsa na dama ya zube, yawu yana bin gemu. Abin da muka yi bayan nan shi ne abin da gidaje da yawa suke yi: muka kwantar da shi, aka shafe shi da man zafi, aka aika a karɓo rubutu, aka ɗura masa ya ƙware, sannan muka zauna jiran mu ga ko abin zai sake shi. Ba mu isa gidan likita ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Ya rayu, yau yana takawa da sanda zuwa masallaci, amma hannun damansa bai dawo ba, kuma ciwon huhun da ya biyo bayan ɗurar nan ya so ya riga cutar kanta kai shi ƙasa.

Ko da yake a hannu da ƙafa ake ganin shanyewar ɓarin jiki, asalin ciwon a ƙwaƙwalwa yake. Ko dai gudan jini ya toshe wata jijiya da ke shayar da wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya malala. A duniya toshewa ta fi yawa nesa ba kusa ba, amma binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Gana da Najeriya, ciki har da na Kano da Zariya, wanda aka buga a 2018, ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu cutar a can fashewar jijiya ce ta same su, kuma hawan jini, wanda muke kira tansiyo, shi ne babban sanadi. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa daman jiki, kuma a wurin mafi yawan mutane nan ne mazaunin magana, dalilin da ya sa wanda damansa ya shanye yakan rasa harshe tare da hannu.

Gwaji uku ake yi wa wanda ake zargi, kuma ba su cin minti ɗaya. A ce ya yi murmushi ko ya nuna haƙoransa, a duba ko gefe ɗaya ya zube. A ce ya ɗaga hannuwansa biyu ya riƙe, a ga ko ɗaya yana sauka da kansa. A ce ya maimaita wata magana da ya saba, ko da sallama ce, a saurari yadda take fita. Ɗaya daga cikin ukun ya isa dalilin tafiya asibiti nan take. Haka ma gushewar gani kwatsam, da tangaɗi ba dalili, da ciwon kai mai tsanani wanda mutum bai taɓa jin irinsa ba. Idan alamun suka zo suka wuce cikin ƴan mintuna, kada a ce an rabu da Bukar. Wannan gargaɗi ne, kuma kwanakin da ke biye su ne mafi hatsari.

Abu na farko da za a yi shi ne duba agogo. A riƙe lokacin da abin ya fara, idan kuma da shi mutum ya farka daga barci, to lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe shi ne abin lissafi, domin wannan ce tambayar da likita zai fara yi. Sai a kwantar da shi a kan gefensa, kai ya ɗan ɗaga, a sassauta wuyan riga, a cire goro ko haƙoran roba idan suna baki. Daga nan kada a sa masa komai a baki: ba ruwa, ba fura, ba rubutu, ba zuma, ba ƙwaya. Kusan rabin masu wannan cuta haɗiya takan lalace musu a kwanakin farko, abin da aka ɗura sai ya bi hanyar numfashi ya sauka huhu, wani lokaci ma ba tare da tari ba. Addu'a da tofi ba su hana tafiya, ana iya yinsu a cikin mota. Tsaga da ƙaho kuwa babu abin da suke cirewa daga ƙwaƙwalwa, sai dai su cinye lokaci.

Kuskure biyu sun fi yawa a gidajen da ke da ɗan sanin magani. Na farko shi ne ba da asfirin a gida. Asfirin yana taimakon wanda jijiyarsa ta toshe, amma yana iya ƙara zubar jini ga wanda tasa ta fashe, kuma babu likitan da zai bambance su da ido, sai da hoton kai na sikana. Na biyu shi ne gaggawar saukar da tansiyo ta hanyar sa ƙwaya a ƙarƙashin harshe. A sa'o'in farko na toshewa jiki yakan ɗaga jinin ne don ya tura shi zuwa sashen da ke cikin ƙunci, saboda haka likitoci kan bar shi a sama da gangan har zuwa wani ma'auni, kuma faɗuwarsa farat ɗaya tana iya faɗaɗa ɓarnar.

Kada a ɗora maras lafiya a kan kabu-kabu. Mutumin da ɓarinsa ya mutu ba ya iya zama a kan babur. A nemi mota, ko adaidaita inda zai jingina a jikin wani. Wanda yake cikin gari ya nufi babban asibiti kai tsaye, asibitin jiha ko asibitin Referans. Wanda yake Tibiri, ko Madarunfa, ko Gidan Runji, ko can Dakoro da Mayahi, idan ya tsaya a ƙaramin gidan likita, to ya roƙi majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ya auna tansiyo da sukari, ya rubuta takardar turawa, a wuce ba tare da an kwana ana ƙarin ruwa ba. Awon sukarin yana da muhimmanci, domin faɗuwar sukari a jikin mai shan maganinsa tana kwaikwayon shanyewa, kuma ana gyara ta cikin mintuna. A tafi da kwalayen duk magungunan da yake sha, da mutumin da ya ga faruwar abin da idonsa.

An ƙiyasta cewa a babbar toshewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa wajen miliyan 1.9 suke mutuwa a kowane minti. Akwai allurar narkar da gudan jini da ake yi cikin awa huɗu da rabi na farko, akwai kuma aikin zare gudan ta cikin jijiya, wanda galibi ake yi cikin awa 6, ga wasu zaɓaɓɓu har awa 24. Gaskiyar magana ita ce waɗannan ba su wadata a yankinmu ba, kuma suna da tsada. Sai dai kuskure ne a ce tun da babu su, saurin ba shi da amfani. Daidaita sukari, sauke zazzaɓi, ba da iskar numfashi ga mai buƙata, gwada haɗiya, fara asfirin bayan an ga hoto, da saukar da tansiyo a tsanake ga mai fashewar jijiya, su ne suke raba mai tashi da mai tafiya. Ba na ganin hikimar kama hanyar Yamai, mai nisan fiye da kilomita 600, ko ƙetara iyaka zuwa Katsina da Kano da mutum a wannan hali, sai idan likitan da ya duba shi ne ya tura. Yaro mai sikila kuwa, idan ɓarinsa ya saki, ƙarin jini na gaggawa yake buƙata, kada a ce yaro ba ya shanyewa.

Jinyar gaske tana farawa ne ranar da aka sallamo shi, kuma a nan ne ƴan gida suka fi likita tasiri. Kafin a baro asibiti a tambaya a fili ko yana iya haɗiya. Idan an sa masa robar abinci ta hanci, kada a cire don tausayi. Idan an yarda ya ci da baki, a zaunar da shi a miƙe sosai, haɓa ta ɗan sunkuya, a ba shi da ƙaramin cokali ta gefen baki mai lafiya, a jira ya haɗiye kafin a ƙara. Abu mai kauri ya fi ruwa tsinkakke sauƙin sarrafawa, saboda haka kunu mai kauri, da fura da aka dama ba gudaji, da tuwo mai laushi da miyar kuka sun fi dacewa da shayi ko dambu mai warwatsewa. Bayan cin abinci a duba kuncin da ya shanye, domin abinci yakan maƙale a can bai sani ba, a goge masa baki, ya zauna rabin awa kafin ya kwanta. Tari lokacin ci, ko muryar da ta koma kamar mai kurkurar baki, alama ce ta a dakata.

Wanda ba ya iya juyawa da kansa a juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana. Wannan aiki ne da mutum ɗaya ba zai iya ba, kuma na ga yadda ake barin uwargida ko ɗiya guda da shi har ta faɗi ciwo, alhali gidan cike yake da masu zuwa sannu. A raba dare tsakanin mutum uku ko huɗu. Kullum a duba ƙugu, da ƙashin gindi, da diddige, da kafaɗa. Jan tabon da bai gushe ba bayan an ɗauke nauyi shi ne farkon gyambon kwanciya. Tabarma a kan siminti ba shimfiɗar mai jinya ba ce. A lokacin bazara, sa'ad da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, gumi da fitsari suna cin fata da sauri, don haka a yawaita sauya zane, a kuma kula kada jikinsa ya bushe da ƙishirwa. Ruwan gashi a gwada zafinsa da hannun mai jinya, domin ɓarin da ya mutu yana iya ƙonewa bai ji ba.

Kada a taɓa ɗaga shi ta hanyar jan hannun da ya shanye. Naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, ja ɗaya yana iya gocar da ita ya bar masa ciwon watanni. A tallafe shi ta baya da ƙugu, idan yana zaune a ɗora hannun a kan matashi, yatsu a buɗe.

Mafi yawan sauƙin da za a samu yana zuwa ne a watanni uku na farko, yana ci gaba a hankali har wata shida da bayansa, saboda haka ba a jira sai ya ji ƙarfi kafin a fara motsa jiki. A nemi ma'aikacin kine, wato masanin motsa gaɓoɓi na asibiti, ya nuna wa ƴan gida yadda ake lanƙwasa kowace gaɓa da miƙe ta a hankali, sau biyu ko uku a yini, sannan a bi mataki: zama a bakin gado, tsayuwa da tallafi, taku kaɗan a tsakar gida. Tausa tana da daɗi, amma ba ita ke koya wa ƙwaƙwalwa ba. Maimaita aikin da kansa shi ke koya mata. A bar shi ya yi fama da cokali, da jan carbi, da ɓalle maɓallin riga, ko da zai ɗauki lokaci. Baffana ya kan fusata idan an ƙi miƙa masa hula, ya ce, "Kai yaro, haka ake yi wa uba?" Da wannan miƙa hannun ne kafaɗarsa ta fara ɗagawa.

Wanda maganarsa ta ɗauke ba hankalinsa ne ya tafi ba, kuma sau da yawa yana jin abin da ake faɗa a kansa. A yi masa magana mutum ɗaya a lokaci guda, da gajerun jimloli, a yi tambayar da zai amsa da e ko a'a, a ba shi lokaci. Wasu sukan iya karanta Fatiha ko ƙirga lambobi alhali ba su iya kiran sunan ɗansu, wannan kuwa ƙofa ce ta fara atisaye. Kuka ko dariya ba dalili daga cutar ne, ba taɓin iska ba. Wajen mutum ɗaya cikin uku yakan faɗa baƙin ciki mai nauyi bayan shanyewa, ya ƙi abinci ya ƙi motsi, kuma wannan yana da magani idan an gaya wa likita. Salla ba ta faɗi a kansa ba, kuma mayar da shi gare ta yana ɗaga zuciya: hadisin Imrana ɗan Husaini ya ba da damar yinta a zaune ga wanda ya kasa tsayuwa, ko a kan gefe ga wanda ya kasa zama. Batun azumi kuwa sai an shawarci likita.

Wanda ya taɓa shanyewa yana cikin hatsarin sake yi, kuma na biyun yakan fi muni. Maganin tansiyo ba a daina shi don awo ya yi kyau, maganin ne ya sa ya yi kyau. Haka asfirin da maganin kitsen jini ga wanda aka rubuta wa, da na sukari. Idan kuɗi sun yi wuya, a gaya wa likita ya sauya zuwa mai araha, a saya a farmasi, kada a koma ga masu tallar ƙwaya a tire cikin rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙulen magi, da kanwa, da yajin tsire da kilishi duk suna cikin lissafin. Taba sigari a bar ta gaba ɗaya. A sami ƙaramin littafi a riƙa rubuta awon tansiyo da kwanan wata, a tafi da shi duk ranar ganin likita. Awon da ke yawan kaiwa 140 bisa 90 ko fiye yana buƙatar gyaran magani. Zazzaɓi da tari, kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, farfaɗiya, barcin da ya wuce kima, ko sabon rauni a ko'ina, duk ba a jiran ranar da aka rubuta a kati, a mayar da shi asibiti a wannan yinin.