Yadda ake zana taswirar ambaliya a unguwannin Yamai

1. Buɗe QGIS, manhajar zana taswira a kwamfuta, ka sa taswirar a UTM 31N, tsarin awon taswira da mita na yankin Yamai, in ba haka ba awon mita zai karkace.

2. Ɗora bayanan tudu da kwari na SRTM, awon tsayin ƙasa da aka yi daga sararin samaniya. Kowane ɗigo na hoton mita 30 ne a ƙasa, ba ya ganin ƙananan magudanai.

3. Sauko da hotunan tauraron ɗan Adam Sentinel-1 na Satumba 2020, lokacin da kogin Isa ya shafe gidaje a Saga da Lamorde. Radarsa na ratsa gajimare, amma takan ɗauki busasshen rairayi da kwalta kamar ruwa, sai a gwada da hoton rani.

4. Jawo zanen gidaje daga OpenStreetMap, taswirar intanet ta kyauta.

5. Shiga unguwa tare da mai gari. Auna tabon ruwa a bango, ka rubuta gidajen laka, tsofaffi, masu ciki da naƙasassu. Kada a tsallake wannan.