Yadda Ake Mayar da Bangon Faifan Waƙa Ɗinkin Gicciye

Yawancin waɗanda na ga sun fara wannan aiki suka ajiye shi a rabi, ba hannunsu ne ya gaza ba. Ɗinkin gicciye ba shi da wani sirri: zare ya haye gida ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa, ya dawo ya haye ta ɗaya gefen, shi ke nan. Wadda ta taɓa yin aikin hula za ta iya shi a zama ɗaya. Aikin yana lalacewa ne tun kafin a zura zare a allura, wajen zaɓen bangon da za a ɗinka da wajen fitar da taswirarsa, wato zanen gida-gida da ake bi ana ɗinkin.

Fara da bango mai launuka kaɗan da layuka bayyanannu. Shi ya sa masu wannan ɗinki a ko'ina suke son bangon The Dark Side of the Moon na ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila, wanda ya fito a 1973: baƙin fili, alwatika a tsakiya, farin layi ya shiga ta hagu, launuka shida sun fita ta dama. Ki kwatanta shi da bangunan da Lemi Ghariokwu ya zana wa Fela Kuti, masu cike da mutane da rubutu ta kowace kusurwa. Suna da kyau ƙwarai, amma ki bar su sai hannunki ya faɗa. Ko a lokacin ma, yanko ɓangare ɗaya ki yi, kada ki ce sai duka.

Daga nan sai lissafin girma, kuma a nan mutane ke yaudarar kansu. Yadin da ake amfani da shi sunansa Aida, wanda aka saƙa gida-gida da huda a kowace kusurwa. Mai lamba 14 shi ne nawa, wato gida 14 a kowane inci. Bangon da kika yi wa gida 100 a tsaye, 100 a kwance, zai fito kusan santimita 18 kowane gefe, kuma ɗinki 10,000 ke nan idan za ki cike shi duka. Idan kika ɗaga zuwa 140, kin kai santimita 25, ɗinkin ya koma 19,600, kusan ninki biyu. Aikin farko kada ya wuce 100. Wajen yanka yadi ki bar rarar santimita 7 ko 8 a kowane gefe saboda firem, ki bi bakin da ɗinki ko salatif don kada ya warware.

Zare kuwa DMC na Faransa nake amfani da shi, domin lambobinsa manhajojin taswira suka sani. Kowane ɗauri mita 8 ne, sili shida, kuma a kan yadi mai lamba 14 sili biyu za ki zaro ki yi aiki da su. Yana da tsada tunda daga waje yake zuwa, ban musa ba. Idan aljihu bai ba da dama ba ki sayi na kasuwa, amma ki jiƙa ɗan guntun ja da na baƙi ki matse su a farin ƙyalle. Wanda ya zuba, kada ya kusanci aikinki. Sai allura mai lamba 24 mai dakusasshen baki, da zoben katako na ɗaure yadi.

Yanzu ga inda nake so ki zauna da kyau. Za ki ɗora hoton bangon a manhaja irin Stitch Fiddle ko Pic2Pat, ta mayar miki da shi taswira mai gidaje, kowane gida da alamar launinsa. Abin da ta fitar da farko ba abin ɗinkawa ba ne. Manhaja ba ta san cewa filin nan baƙi ne kawai ba. Ita duk ɗan haske ko dattin da ke jikin hoton launi ne, sai ki ga ta ba ki baƙi kala huɗu da ruwan toka kala shida a wurin da idonki ke ganin baƙi ɗaya. Mai koyo sai ta tafi ta sayo zare talatin da wani abu, ta dawo ta tarar taswirar cike da gidaje 'yan ɗaiɗai: shuɗi ɗaya tilo a nan, wani can bayan gida goma sha biyu. Kowane ɗaya sai an zura masa zare, an yi gicciye guda, an soke wutsiyarsa a baya, an yanke. Bayan sati biyu bayan yadin ya zama curin zare, gaban kuma bai kai tafin hannu ba. Nan ake naɗe aiki a jefa cikin durowa.

Maganinsa haƙuri ne a gaban waya ko kwamfuta. Nemi hoto mai tsabta, ki yanke shi daidai murabba'i, ki ƙara masa bambancin haske da duhu kafin ki ɗora. Ki ƙayyade wa manhajar launuka, ni ba na yarda su wuce 12 a aikin farko. Sannan ki bi taswirar layi-layi da kanki. Duk gidan da ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar wani launi, mayar da shi launin maƙwabtansa, sai dai in shi ne ƙyallin ido ko wani abu da hoton ba zai tsaya ba sai da shi. Launuka biyu da sai kin ƙura ido kike bambance su, haɗe su. Ki rinƙa ƙanƙanta taswirar a fuskar waya kina kallonta daga nesa, domin daga nesa za a kalli aikin a jikin garu. Wannan gyara zai iya cin yamma biyu ko uku, kuma ya fi kowane mataki daraja.

Ga bangon Pink Floyd ɗin, ba ma sai manhaja ta zaɓa miki ba, ga lambobin zaren DMC: 666 ja, 740 ruwan lemo, 444 rawaya, 700 kore, 797 shuɗi, 550 shunayya, B5200 fari, da ruwan toka ɗaya ko biyu na gefen alwatikar. Sayi baƙin Aida ki huta da ɗinka filin gaba ɗaya. Baƙin yadi yana gajiyar da ido, don haka ki shimfiɗa farin ƙyalle a cinya, hudojin za su fito.

Fuska ita ce mai wuya, ko ta Bob Marley ce a bangon Legend na 1984, ko tsohon bangon kaset na Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos da hotonsa ya koɗe. Manhaja kan cusa kore da shunayya a baƙar fata. Kada ki yarda. Mayar da hoton fari da baƙi, ki fitar da taswira da kala biyar, sannan ki jera musu ruwan ƙasa daga duhu zuwa haske: 938, 898, 801, 433, 434. Fuska kuma tana son gidaje da yawa, ƙasa da 120 hanci da baki sukan narke.

Kafin ki fara, ja layi a yadin bayan kowane gida 10 da alƙalamin da tawadarsa ke wankuwa da ruwa, ya dace da manyan layukan taswira. Ninka yadin huɗu ki samo tsakiya, daga nan za ki tashi. Zaren da ke sama a kowane gicciye ya fuskanci gefe ɗaya tun daga farko har ƙarshe, in ba haka ba haske zai tona asirin aikin. Ba a ƙulli, wutsiyar zare ana soke ta ne ƙarƙashin ɗinki uku ko huɗu a baya. Launi mai duhu kafin mai haske. Rubutun sunan mawaƙi ki bar shi ƙarshe, ki bi shi da ɗinkin layi da sili ɗaya, gicciye yana ɓata ƙananan haruffa.

In kin gama, wanke da ruwan sanyi da ɗan sabulu mara ƙarfi, kada ki murɗe, naɗe shi a tawul. Goge ta baya yana kife a kan busasshen tawul don kada ɗinkin ya kwanta. Hoton bangon yana da masu haƙƙinsa, saboda haka ki yi don ɗakinki ko kyauta, ba don kasuwa ba. Wajen mai firem ki ce ya sa kwali ta gefe-gefe tsakanin gilashi da yadin, zaren kada ya taɓa gilashi.