Yadda ake fitar da anko ba tare da an ɓata da dangi ba

Anko shi ne mutane su ɗinka tufa iri ɗaya don wani taro, galibi biki ko suna. Wasu na cewa ashobi, kalmar da muka aro daga Yarabawa. Amarya ce ke “fitar da anko”, ƙawaye kuma su “yi anko”. Ko miji da mata suka sa shadda kala ɗaya ranar Sallah, za ka ji an ce sun yi anko.

Ni da na fitar wa ƙanwata, ga abin da na koya. Ki shiga Kantin Kwari da wuri, kamar wata biyu kafin biki, ki zaɓi atamfar da mai shago ke da ita da yawa. Tamu ta ƙare a turmi na 30, sai da muka yi ta yawon nema layi-layi. Ki karɓi kuɗi kafin ki miƙa turmi, don bashin anko ba ya dawowa, wallahi.

Leshi ki bar wa ƙawaye na kusa. Iyaye mata kuwa a ba su mai sauƙin kuɗi, kada gwaggo ta ƙi zuwa kamu saboda yadi shida.