Darasi na Tara: Ƙyallen da Ba a Saƙa Ba

Tun 1925 da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar ake noman auduga a Jazira, a ƙasar Sudan. Da yawanmu, daga Maiwurno har ƙauyukan Wad Madani, mun tsinci auduga a hawasha, wato gonar da ake yanka wa manomi a Jazira. Mun san gurza da shiɓa, mun san kaɗi da saƙa. To, akwai ƙyallen da ba ya bi ta hannun masaƙi ko kaɗan. Irinsa ne ake goge wa jariri jiki da shi, ake kuma ɗora shi a kan rauni.

Ku jefa ɗan curin audugar gona a kofin ruwa. Za ta yi ta yawo a sama, ta ƙi jiƙa. Audugar asibiti kuwa nan take take nutsewa. Dalili shi ne, ta gona tana da wani maiƙo a jikin silinta mai korar ruwa. A masana'anta sai an dafa ta da soda mai ƙarfi ya cire maiƙon, a ɗauraye, a sa mata sinadarin da zai mai da ita fara fat. Sannan take shan ruwa.

Abokin haɗin auduga a cikin wannan ƙyalle sunansa reyon. Daga itace ake samunsa: a niƙa, a narkar da sinadarai, a matso ta ƙananan huji kamar taliya, ya faɗa ruwan asid ya zama sili. Ya fi auduga tsotsar ruwa, amma da ya jiƙe ƙarfinsa ya ragu. Ita kuwa auduga jiƙa ƙara mata ƙarfi take yi. Shi ya sa ake gauraya su.

Inji yana taje gaurayen ya shimfiɗa shi siriri. Sai a feso masa ruwa da ƙarfin gaske ta huji masu yawa, silin ya sarƙe da juna ba zare ba allura. A busar, a naɗe, a yanka.

Iyaye mata, don Allah kada a ɗora audugar gona a kan rauni ko cibiyar jariri. Tana ɗauke da ƙura da ƙwayoyin cuta, komai farinta. A nemi ƙyallen da ke rufe cikin ledarsa daga kantin magani, a wanke hannu kafin a buɗe.

Aikin gida: ku gwada kofin ruwan nan, ku rubuto abin da kuka gani cikin jimla biyu.