Yadda za ka gane ko sunan kamfanin bindiga na gaskiya ne kafin ka ruɗu da sabuwar fistol ɗinsu

Duk lokacin da wani babban kamfani ya fito da sabuwar fistol sai ka ga samarinmu masu bin harkar tsaro a YouTube da Facebook sun ɗau zafi, a majalisa a yi ta musu har a tashi, wannan ya ce ai tunda Glock ce magana ta ƙare, wancan ya ce Beretta ba ta taɓa ba mutum kunya ba. To ɗan uwa abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne, sunan da kamfani ya yi tsohuwar bindigarsa ce ta jawo masa, sabuwar kuma sai ta nemi nata da kanta.

Amma bari in share hanya tukunna. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da rabolba cikin makaman da aka haramta wa farar hula, sai da izinin shugaban ƙasa ake mallakarsu, ba irin bindigar farauta ba ce da ake neman lasisinta wajen 'yan sanda. Wanda aka kama da ita ba izini ɗaurin aƙalla shekara 10 na jiransa. Saboda haka wannan rubutu na masu kaki ne da aiki ya ɗora musu riƙe ta, da ɗalibai irin na makarantar 'yan sanda ta Wudil, da kuma mai son sani kawai. Duk wanda ya zo maka a ɓoye ya ce yana da "sabuwa dal a kwali", wallahi ka yi nesa da shi.

Abu na farko, tambayi kanka wa ya gwada bindigar, kuma da wane sharaɗi. Ɗauki Glock misali. Gaston Glock mutumin Ostiriya ne, kafin ya shiga harkar bindiga wuƙaƙen soja da sandunan labule yake yi, bai taɓa ƙera bindiga ba. A 1980 sojan ƙasarsu suka ce suna neman wadda za ta maye gurbin Walther P38 da suke riƙe da ita tun bayan yaƙin duniya na biyu, suka gindaya sharuɗɗa masu tsauri, ciki har da cewa a harbi 10,000 na farko kada bindiga ta cije fiye da sau 20, ko da ƙaramar cijewa ce ana ƙirgawa, sannan bayan harbi 15,000 a kwance ta a duba abin da ya zaizaye. Glock 17 ta tsallake, ta doke tsofaffin kamfanoni, a 1982 aka zaɓe ta duk da mutane na yi mata dariya wai bindigar roba ce. Ka ga wannan suna ne da aka samo a filin gwaji, hannun waɗanda ba ruwansu da cinikin kamfanin. In kuwa duk abin da ka gani a kan sabuwar fistol bidiyo ne na wani da kamfanin ya aika wa kyauta, ya harba magazin (gidan harsashi) uku ya ce ba ta da na biyu, to ba ka ga komai ba tukuna, talla ka kalla.

Na biyu kuma shi ne wanda ya fi damuna, kar ka yarda da shekarar farko. Kowa a Kano ya san yadda ake yi a Farm Centre in sabuwar waya ta shigo, masu wayo sukan bari 'yan gaggawa su saya tukunna a ji ko tana zafi ko batir na zuba, to haka abin yake, sai dai a nan rai ake magana ba kuɗi ba. Kuma manyan kamfanonin duk sun taɓa tuntuɓe. Beretta ta Italiya tun 1526 ake da takardar cinikinta, da wuya ka sami kamfanin bindiga da ya girme ta, sojan Amurka suka ɗauki Beretta 92 a 1985 suka sa mata suna M9, amma ba a jima ba aka sami wasu da ƙarfen saman nan mai ja da baya ya karye ya bugi mai harbi a fuska, dole aka yi gyara, daga nan aka sami 92FS wadda aka sa mata abin da zai tare ƙarfen ko da ya karye. SIG Sauer P320 ita ma a Janairun 2017 ta ci kwangilar sojan Amurka ta maye gurbin M9, cikin watan Agusta na wannan shekarar sai ga shi an nuna cewa wadda ake sayar wa jama'a tana iya tashi in ta faɗi ƙasa ta wata kusurwa, kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta ya rage nauyin kunama da wasu sassa na ciki, har yanzu kuma ana ta shari'o'i da masu cewa ta tashi ba su taɓa kunama ba, kamfanin yana musantawa. Remington kuwa a 2014 ta fito da R51 da babban talla, 'yan watanni kaɗan aka dakatar da ita saboda cijewa, sai 2016 ta dawo, amma mutane sun riga sun juya baya. Hatta Glock da ake yabo, bayan fitowar Gen4, wato zubi na huɗu na bindigoginsu, a 2010 sai da suka yi musayar sifirin na wasu samfura a 2011.

Wannan ya kai mu ga na uku, kalli halin kamfani ranar da matsala ta fito. Ya amsa da wuri ko sai da aka ja shi kotu? Ya gyara kyauta? Ya fito da lambobin bindigogin da abin ya shafa kowa ya duba tasa? A wajena wannan ya fi duk wani tarihi na shekara ɗari nuna ko za a iya dogara da su.

Sai maganar ƙasa da yanayi, wadda mu ta fi shafa kuma 'yan bidiyon Turai ba sa kawo ta. Bindigar da aka gwada a ɗaki mai sanyi ba lallai ta yi haka a ƙurar hunturun Kano ba, wannan hazo mai laushi da ke shiga ko ina daga Disamba zuwa Fabrairu, ya haɗu da mai ya zama taɓo. A Iraƙi sojan Amurka sun yi ta kuka da M9 wai tana cijewa, da aka bincika sai aka ga yawancin laifin na magazin ne da wani ɗan kwangila daban ya yi, fentin cikinsa mai kaushi ne yana riƙe rairayi, da aka canza shi abin ya yi sauƙi sosai. Don haka in ka ji an ce bindiga kaza ba ta da aminci ka tambaya, da wane magazin, da wane harsashi, yaushe rabon a wanke ta. Sau da yawa ba ƙirar ba ce, tsohon harsashi ne da ya sha zafi da laima a sito, ko sifirin ɗin magazin da ya gaji. Nemi labarin yadda ta yi a ƙasashe masu rairayi da zafi, shi ne ya fi kusa da namu.

Ka kuma ƙirga sassanta. Glock 17 sassa talatin da 'yan kai gare ta, kuma wannan na cikin sirrin ƙarkonta, abin da zai lalace kaɗan ne, mai gyaran makamai na bariki zai iya koyonta da wuri. Sabuwar da ta zo da ƙyale-ƙyale da yawa, tambaya ita ce in abu ɗaya ya karye ina za a samo shi, wata nawa za a jira. Sojan Birtaniya sun riƙe Browning Hi-Power ta 1935 har zuwa 2013 kafin su koma Glock 17, ba don ba su ga sababbi suna fitowa duk shekara ba.

Ga masu kaki kuma, ku ba ku ke zaɓa ba, abin da aka ba ku daga ma'ajiyar makamai shi za ku riƙe, amma kuna da bakin magana. In an kawo sabon samfuri ka nemi a kai ku filin harbi da shi kafin a fita aiki, da irin harsashin da za a ba ku ba wani na musamman ba, kowace cijewa ka rubuta ta da lambar bindigar da lambar magazin ɗin ka miƙa wa mai kula da ma'ajiya, kar ka yi shiru don kada a ce ka cika ƙorafi. Ka tabbatar kuben da aka ba ka na wannan samfurin ne kuma ya rufe kunama gaba ɗaya, don kuben tsohuwa ba lallai ya dace da sabuwa ba ko da kamfani ɗaya ya yi su.